Lambar Wayar Baji Shamim

Ciki biyu Sumbul ta yi, duka suka zube ba su cika wata uku ba. Ita ce ƴata ta biyu, shekararta shida a gidan miji. A na farkon, tun ranar da likita ta tabbatar, uwar mijinta Shamim, wadda muke ce wa Baji, wato Yaya, ta aika aka sayo alawar laddu kwali biyar, aka bi layinsu gida-gida ana rabawa. Da cikin ya zube, matan da suka ci laddun su ne suka cika ɗakin wai sun zo jaje. Me kika ɗaga? Me kika ci? Ko da gudu kike hawa bene? Ko kin leƙa waje ranar da wata ya yi husufi? A na biyun har wata tsohuwa ta ce, yarinyar tana kwance tana ji, wai su a danginsu ba a ɓari, sai dai in daga wajenmu aka kwaso. Wata biyu Sumbul ta yi ba a jin komai a bakinta sai "to" da "a'a".

Shi ya sa da na ukun ya samu, ta yi shiru sai ranar Juma'a da take zuwa gida. Ina murza gurasar roti a kicin ta shigo ta tura ƙofa, ta kamo hannuna da garin da komai ta ɗora a kanta.

"Ammi, ki rantse da kaina ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na janye hannuna na ce, "Ni ba na rantsuwa da kan mutum, da Allah ake rantsuwa. Faɗi abin da ke bakinki, kaskona na ƙonewa."

Ta faɗa. Mijinta Tanvir ya sani, amma yana can Faisalabad a masaƙa, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Daga shi sai ni. Likitar ta ce in aka cika wata huɗu lafiya, in sha Allahu an wuce wurin da ake jin tsoro. Saura sati bakwai ke nan.

"Sati bakwai kawai nake roƙo, Ammi. In ya zauna, ni da bakina zan faɗa. In kuma Allah Ya karɓi abinSa, in yi kukana ni kaɗai, ba mai tambayata me na ɗaga."

Na ce, "Wallahi ba za a ji daga gare ni ba."

Sai ta zaro takardar likita daga jakarta ta ba ni. Ƙwayoyi ne kala uku, na ƙarin jini da na ƙashi da wani ƙarami. Ita ba ta fita ko bakin titi sai da surukarta a gefe, don haka saye ya faɗo kaina. Mai kemis ɗin unguwarmu kuwa, in ka sayi maganin basir da safe, kafin azahar liman ya sa ka cikin addu'a. Na ce babban kantin nan mai hawa biyu da aka buɗe bayan gada za ni, yana da ɓangaren magani, kuma duk garinmu na Multan ba inda ya kai shi rashin sanin mutum. Ba mai gaishe ka, ba mai tambayar yara.

Sai dai akwai wani abu game da kantin. Tun buɗewarsa suka jera saitin tangaran na mutum goma sha biyu a cikin gilashi a bakin ƙofa, mai zanen shuɗin fure, wai wanda ya tara maki zai ɗauka kyauta. Baji Shamim ta ƙyalla ido ta gani. Ta yanki kati da lambar wayarta, ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya ta koya mana lambar, duk wanda ya yi sayayya ya faɗi tata, makin ya taru wuri guda. Ƙannenta biyu, matar ɗan'uwanta, maƙwabciyarta, da ni. Wadda ƴarta ke gidan mutane ba ta musu da uwar miji a kan irin wannan. Shekara guda ina karanto lambar nan a bakin kanta, har na fi riƙe ta a kan tawa. Kuma duk abin da aka saya, rasit ɗinsa wayarta yake faɗawa. Akwai ranar da ta ce mini a gidan suna, "Nighat, ashe har yanzu man girkin nan mai arha kike saya?" A lokacin dariya na yi.

Ranar Asabar na hau riksha, keken nan mai ƙafa uku, da hantsi na tafi. Mai ba da magani ya duba takarda, ya miƙo mini kwali uku ya ce in biya a ƙasa. Biyu daga ciki da hoton mace ta dafa ciki a jikinsu, ko makaho ya shafa ya san na mene ne. Na ɗauki sabulu da ganyen shayi na ɗora a kai, na shiga layi. Hankalina duk yana kan ko mutumin ya ba ni daidai, don ni rubutun likita ba karanta shi nake ba.

Yarinyar da ke karɓar kuɗi siririya ce, ba ta wuce shekara ashirin ba. Ta bi kayan ɗaya-ɗaya da na'urarta, ɗit, ɗit, ɗit, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Lamba, Khala?" Haka yara ke kiran babbar mace a nan, wato Inna.

Bakina ya buɗe da kansa. Na zubo lambar tun daga sifilin farko har ƙarshe, ko numfashi ban ja ba.

Ta danna, ta dubi allon ta ce, "Shamim Akhtar ko?"

Sunan ne ya tashe ni. Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara a ƙeya. Yatsarta na kan hanyar maɓalli na cafke wuyan hannunta.

"Tsaya! Kar ki taɓa."

Ta zaro ido. "Lafiya, Khala?"

"Ya tafi?"

"Me?"

"Rasit ɗin. Ya tafi wayar?"

"A'a, sai na rufe cinikin."

"To kar ki rufe. Goge sunan nan. Ba lambata ba ce."

Ta sauke numfashi, ta murza wuyan hannunta. "Ba komai, Khala, sai a canza. Ba ni taki."

Ina da waya, ƴar ƙarama mai maɓallai, tana ƙulle a bakin mayafina. Amma ni kira kawai na iya ɗauka. Duk saƙon da ya shigo, matar ɗana Uzma ce ke karanta mini, Uzma kuwa ƴar ƙanwar Baji Shamim ce, a hannunta ta girma. Abin da ya shiga kunnen Uzma da safe, da shi Baji Shamim take shan shayin yamma.

Na ce, "Ba ni da lambar bayarwa. Ga kuɗina, ga kayana, ki karɓa ki sallame ni."

"Na'urar ba ta rufe ciniki sai da lamba."

"Ita za ta sha maganin?"

"Khala, ni ma haka aka ce in yi."

Wani mutum a bayana, mai tumbi, ya ciko kwandonsa da kwalaben lemo, ya yi tsaki. "Haba Khala, lamba ce fa, ba takardar gida aka ce ki bayar ba. Mutane na da wurin zuwa."

Na juya na dube shi tun daga takalmi. Na ce, "Lemon ne zai huce, ko tumbin ne zai sace?"

Wasu suka tuntsire. Ya ce, "To faɗi kowace iri mana! Sifili uku, ki jera abin da ya zo bakinki. Kowa haka yake yi."

"In yi ƙarya a kan ƙwaya uku? Kuma lambar da zan ƙirƙiro, ai tana da mai ita. Saƙo ya faɗa wayar wani bawan Allah a garin Sahiwal, matarsa ta gani ta ce wa kake saya wa wannan? In rusa gidan mutum ina tsaye a nan, don kai kana sauri?"

Wata mata mai tabarau da ke bayansa ta leƙo. Da gani malamar makaranta ce, har da alli a hannun rigarta. Ta ce, "Gaskiyarki, Baji. Kuma ba rasit kaɗai suke aikowa ba. Ni bara na saya wa mahaifina irin ƙunzugun nan na tsofaffi, yana kwance. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, har jiya sun aiko mini wai an yi ragi, in zo in kwasa."

Na ce, "Allah Ya ji ƙansa." Ta ce, "Amin."

Yarinyar ta sunkuyo, ta rage murya. Ta riga ta ga hoton da ke jikin kwalin, ta gane ba rigima ce ta kawo ni ba. "Khala, bari in sa tawa, ki wuce kawai."

"Kin yi aure?"

"A'a."

"Wa ke duba wayarki a gida?"

"Yayana, wani lokaci."

"To ranar da suka aiko miki da barka da arziki, ga rangwamen kayan jarirai, me za ki ce wa yayan naki?"

Fuskarta ta canza. Ta janye hannunta daga maɓallan kamar sun yi zafi.

Na ce, "Allah Ya yi miki albarka, ƴata, amma ba da ke za a yi ba. Kira mini wanda ya ce ki yi hakan."

Aka kira manaja. Nadim Sahib suke ce masa, wato Yallaɓai Nadim, ya zo da igiyar kati a wuya, gashi ya sha mai, yana murmushin da ake yi wa tsohuwa in ana so ta matsa. Ya ce wa yarinyar, "Mehwish, me ya tsayar da layi?" Ta yi masa bayani a gajarce. Ya juyo gare ni yana haɗa hannuwa.

"Khala, ai don amfaninki ne. In kin ga kaya ba su yi ba kika dawo da su, da lambar za mu gane ki. Ga maki, ga rangwame. Ba abin da muke yi da ita."

"In ba abin da kuke yi da ita, me ya sa ba a fita sai da ita?"

"Tsarin kamfani ne."

"Ni kamfani na zo aura? Sabulu na zo saya."

Ya yi dariya, ya kai hannu ya ɗauki kwali ɗaya, ya ɗaga shi sama yana juyawa. "Yo wannan ai ba abin ɓoyo ba ne, Khala, abin farin ciki ne. Maganin masu ju..."

Na fizge kwalin, na rufe duka ukun da gefen mayafina. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Rufe bakinka! Wa ya aike ka shela? Ga lasifika can, ka hau mana ka faɗa wa hawa na biyu!"

Murmushin ya ɗauke. Ni kuwa na waiga ina duba fuskokin layin ɗaya bayan ɗaya, ko akwai ɗan unguwarsu Baji Shamim. Allah Ya taimake ni ba wanda na sani.

Ya gyara murya. "Khala, ki yi haƙuri. Amma ba lamba, ba ciniki. Ba ni na yi na'urar ba."

Na yi tunanin in ajiye kayan in fita. Amma in fita in je ina? Likita ta ce a fara sha tun jiya. In na koma unguwa, mai kemis. In na tafi wani kantin, wata yarinyar ce za ta ce mini lamba, Khala. Kuma sunan Baji Shamim na nan a kan allo da kayan a ƙarƙashinsa, in na ba da baya wani ya danna, shi ke nan. Na gyara tsayuwa, na ajiye jakata a kan kanta.

Na ce, "Na ji. Lamba kawai take so ko? Kowace iri?"

"Kowace iri, Khala."

"To sa taka."

Ya dube ni.

"Sa taka mana. Ko ta matarka, ita ta fi dacewa da kayan. Ga maki, ga rangwame. Don amfaninta ne."

Mai tumbin nan da ya yi mini tsaki shi ya fara fashewa da dariya, har yana riƙe kwando. "Sa mana, Sahib! Ba abin da ake yi da ita!"

Nadim Sahib ya ce, "Khala, ai lambar iyalina ba abin da za a..."

Na ce, "Ba abin da za a me? Ƙarasa. Muna jin ka."

Kunnuwansa suka yi ja.

Na ce, "Ta iyalinka tana da mayafi, tamu ce aka yar a titi? Ka ji ni da kyau, ɗana. Alwalata tana nan, azahar da saura. In ta yi ina nan, a nan gaban kantarka zan shimfiɗa mayafi in yi sallata, in tashi in ci gaba da tsayuwa. La'asar ma haka. Ni ba inda nake sauri."

Malamar nan ta ɗaga murya daga baya. "In an zo kaina ni ma ba zan bayar ba, gara ku sani tun yanzu."

Wata tsohuwa a layin gefe, da ba ta ma san kan zancen ba, ta ce, "Ni ma!" Jikarta ta ja ta tana cewa, "Ke ai ba ki da waya." Ta ce, "Ko da ina da ita!"

Manajan ya dubi layin, ya kai har wajen buhunan shinkafa. Ya dubi ƙofa. Sai ya matsar da Mehwish gefe, ya kama katin da ke wuyansa ya goga a jikin na'urar, ya danna wuri biyu. Ko ƙiftawar ido uku ba a yi ba.

"An cire. Biya, Khala."

Na ce, "Ashe tana rufewa."

Ya saki katin, ya ja da baya.

Na ce, "Ban yarda ba sai an karanta mini. Malama, don Allah zo ki duba mini allon nan."

Ta zagayo, ta gyara tabarau, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa. "Babu suna, Baji. An soke na farkon, wannan sabo ne, wurin lambar fayau yake."

Na biya. Mehwish ta miƙo mini rasit na takarda, ta haɗa hannuna da nata biyu ta ɗan matse. A bakin ƙofa na tsaya gefen kwandon shara, na zare ƙwayoyin daga kwalayensu, na yayyaga kwalayen da rasit ɗin ƙanana-ƙanana na zuba. Ƙwayoyin na naɗe a hankici na cusa can ƙasan jaka.

Sai da riksha ta hau gada wani tunani ya zo mini. Wanda aka soke fa? In suna aika saƙon ciniki, me zai hana su aika na sokewa? In sun aika, da jerin kayan ko babu? Daga nan har gida ba abin da nake sai salati. Na yi azahar, na kasa cin abinci.

Bayan la'asar aka buga ƙofa. Uzma ta buɗe, sai ga Baji Shamim, waya a hannu, ko mayafin ba ta daidaita ba. Muka gaisa sama-sama, na sa Uzma ta ɗora shayi. Ba ta jira ba.

"Uzma, bar shayin nan, zo ki karanta wa Amminki abin da aka aiko mini."

Uzma ta karɓi wayar. Na zauna a bakin gado.

"Wai an soke cinikin da aka buɗe da lambarki yau da ƙarfe goma sha biyu da kwata. Ba a ƙara maki ba. Mun gode."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Ammi."

Alhamdu lillahi da na yi a zuciyata, ina jin har maƙwabta sun ji.

Baji Shamim ta ce, "Na kira ƙannena, ba su je ba. Na kira maƙwabciyata, tana Lahore. Uzma ta ce ke kin fita da hantsi."

"Ni ce."

"To?"

"Na faɗi lambarki, na ce a goge."

"Saboda me?"

"Saboda na daina. Daga yau in na je sayayya ba na ba da lambar kowa."

Ta ajiye wayar a cinya, ta dube ni ta gefen ido. "Nighat, kar ki mai da ni yarinya. Kin yanki naki katin ko? Kin ga saura kaɗan in ɗauki tangaran ɗin, shi ne idonki ya faɗa kansa."

"Ban yanki kati ba."

"To me kika saya da ba kya so in gani?"

Uzma ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Jakar tana rataye a ƙusa, daidai saman kan Baji Shamim. Da na ce sabulu da ganyen shayi, da an wuce wurin, kuma na sayo su ɗin. Amma na san me nake nufi in na faɗi haka, Allah ma Ya sani. Ban yi wa na'ura ƙarya ba, ba zan zo in yi wa mutum a ɗakina ba.

Na ce, "Abin da na saya nawa ne, Baji."

"Ɗauko jakar mu gani."

"A'a."

"A'a kika ce?"

"A'a na ce. Shekara guda kina sanin man da nake girki da shi, da sabulun da nake wanka da shi. Ya isa haka. Ko mijina, Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa buɗe mini jaka ba."

Ta miƙe. "Lallai! Yau na ga abin mamaki. Mu muka ɗauki ƴarki muka riƙe shekara shida, ba mu taɓa ce mata komai ba, duk da abin da kowa ya sani, shi ne a kan maki za ki nuna mini hali?"

Maganar ta soke ni, har na ji ɗacinta a harshe. Amsarta tana bakina, kalma ɗaya ce, in na faɗe ta sai ta zube a ƙasa tana neman gafara. Na haɗiye.

Na ce, "Ƴata ba riƙo kuke mata ba, aure take. Shayi ya kusa, ki zauna."

"Ki sha abinki. Rowa dai ba ta da kyau, Nighat, bare da tsufa. Kuma a bikin dangi na ranar Alhamis kowa sai ya ji."

"Ki gaishe su."

Ta fita ba ta sha shayin ba, Uzma ta bi ta har bakin titi tana ba ta haƙuri. A bikin kuwa ta cika alkawari. Ina shiga mata suka riƙa taɓa juna, wata har ta tambaye ni wai tangaran ɗin nawa ya iso? Na ce yana hanya, in ya zo zan kira ta ta wanke. Na ci shinkafar biryanina na tashi.

Washegari Juma'a Sumbul ta zo. Na ja ta kicin, na tura ƙofa, na warware hankicin na zuba mata ƙwayoyin a aljihun cikin jakarta. Na ce fari da safe, ja bayan abinci, ƙaramin kafin barci, haka mai maganin ya ce. Sannan na dube ta sosai. Ta ɗan rame, amma idonta da haske.

Na ce, "Sun matsa miki a kaina?"

Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce.

"Ammi, kwana shida ba a yi wata magana a gidan nan ba sai taki. Da safe ke, da rana ke. Jiya sau biyu na tashi daga wurin karin kumallo na je na yi amai, na dawo na tarar tana kan zancen jakarki. Ko kallona ba ta yi ba."

"Ba ta tambaye ki komai ba?"

"Ta tambaye ni ko tun da can haka kike da rowa."

"Kika ce me?"

"Na ce tun muna yara."

Na ɗaga muciya kamar zan maka mata, ta kauce tana dariya, hannunta ɗaya a kan mararta. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ɓarin farko.

Na ce, "Saura sati shida. In kin ga zancen ya fara sanyi, ki aiko mini. Sai in zo gaishe ta da jakar a kafaɗa, in zauna in rungume ta a cinya har in tashi. Allah Ya yafe mini. Miƙo mini garin nan."